Kunnen Barau na Hagu

"Ki fita, Hure, nan ba wurin mata ba ne yanzu," in ji Malam Inuwa, ko kallonta bai yi ba.

Mijinta Barau na kwance a tabarma, ƙirjinsa na gurnani kamar tsohon injin markaɗe. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a Toranke, shi ya sa aka kira ni da hantsi da jikin ya rikice. Malam Inuwa yayansa ne, shi ke ja mana salla.

Shekara goma sha tara Barau ya yi yana yankan ciyawa a gefen titin da jirage ke tashi a birni. Da aka faɗaɗa filin jirgin, jiragen suka ninka, ɗakin da yake haya ma ya koma bakin wayar shingen filin. Hayaƙi ya cinye masa huhu, rugugi ya cinye kunnuwa. Da ya daina jin kiran ogansa aka sallame shi, ya dawo gida da tari. Mu kuma muka ƙarasa shi. In an yi masa sallama ya wuce, sai mu ce girman kai ne, wai shi ya ga jirgi. Ni da bakina na laƙaba masa "direban sama". Majalisa ta kwashe da dariya, shi ma ya taya mu, bai san da shi ake ba.

Malam ya sunkuya a kan Barau, yana maimaita kalmar shahada ƙasa-ƙasa don ya kama ya cika da ita. Barau na kallon rufin ɗaki.

"Yaya Malam, wallahi ba ya jin ka," in ji Hure daga bakin ƙofa. "Sai an ɗora baki a ƙashin bayan kunnensa na hagu an ɗaga murya. Don Allah ku bar ni in gwada, sau ɗaya kawai."

"Ba a yi wa mai barin duniya ihu, a hankali ake laƙƙana masa. Ke za ki koya min?" Ya juyo gare ni. "Hadi, rufe ƙofar nan."

Na rufe. Hannun nan nawa ne ya tura ƙyauren, ina jin nauyin tafinta ta ɗaya gefen, kuma har yau ina jin kunyar kaina.

Malam ya ci gaba da raɗarsa. Barau ya bi fuskokinmu da ido ɗaya bayan ɗaya, sannan ya buɗe baki da ƙarfi, irin maganar wanda ba ya jin muryar kansa.

"Ina Hure?"

Daga nan rai ya yi halinsa.

Kafin azahar magana ta zaga gari: Barau ya cika da sunan mace a baki. A zaure Malam ya girgiza kai ya ce, "Ni dai na yi iyakar ƙoƙarina, Allah Ya sa mu yi kyakkyawan ƙarshe." Aka amsa da amin. Ni ma na amsa.

Da aka gama wanka da sutura aka bar Hure ta shiga bankwana, muna tsaye da makara muna jira. Ta durƙusa, ta janye likkafanin ta ɓangaren hagu. An riga an cusa masa auduga a kunnen. Ta ɗora bakinta a kan audugar ta faɗi kalmar sau uku, a hankali, yadda Malam ya ce a yi.