Ranar da Na Yi Ta Kashe Yaya Uelese

Tun kafin gem ɗin bidiyon ya fito, babu wanda ya rage a cocinmu na unguwar Woodridge da bai san Yaya Uelese yana ciki ba. Ɗan yayar babana Mikaele ne, kuma motar ɗaga kaya yake tuƙawa a wani sito. Wata rana ya ga sanarwa ana neman masu jin harshenmu na Samoa su ba da murya a wani wasan bidiyo, ya je, aka ɗauke shi. Daga nan tafiyarsa ma ta canja. Ya koma shan ruwan ɗumi da zuma. A ƙungiyar mawaƙan coci ya daina ɗaga murya, wai kada ya ɓata kayan aiki.

"To wane ne kai a ciki, Yaya?" na tambaye shi.

"Aleki, na sa hannu ba zan faɗa ba." Ya waiga hagu da dama kamar ana bin sa. "Amma dai ba ƙaramin mutum ba ne."

Ni abin da ya dame ni daban ne. Sunan gem ɗin Ɓataccen Matuƙi, kuma na farkonsa na buga shi har hannun gem ɗina ya goge. Labarin wani tsohon matuƙi ne, Brannock, a zamanin jiragen ruwa masu tafiya da iska. Ba ya magana sai dole, gwiwarsa na ciwo, idan ya hau katanga sai ka ji yana haki. Da aka ce na biyu zai kai labarin tsibiran wajenmu, na yi murna irin ta wawa.

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan fitowarsa, mahaifiyar Uelese, Goggo Fualau, ta sa aka fitar da mota daga gareji, aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗauko babban talabijin na falo. Ta dafa gwaza da ɗanyar ayaba a madarar kwakwa, da naman gwangwani da kaji, kamar ranar baiko. Mijinta, Baba Tanielu, ya ɗaura zaninsa ya zauna a kujerar gaba. Matar fasto ta zo. Leata ma ta zo, yarinyar da Uelese ya daɗe yana zagayenta bai furta mata komai ba. Ni aka miƙa wa hannun gem, don shi gwanin namu bai san inda ake dannawa ba.

Da na kunna, sai na'urar gem ɗina ta ce tana da gyare-gyaren da za ta sauke tukuna. Aka yi addu'a, aka ci abinci, aka ƙara, yara suka yi faɗa aka raba su, ita tana nan tana saukewa.

"Sabon abu ne ake wa gyara tun ba a taɓa shi ba?" in ji Baba Tanielu. "Ashe ragowa suka sayar maka."

Da ƙyar aka fara. Ban gama gyara zama ba aka nuna mini kabarin Brannock. Shi ke nan, sun binne shi tun kafin a gaisa. A madadinsa suka ba ni ɗansa, wani Kit mai gashi kamar na masu tallan sabulu, wanda bakinsa ba ya rufuwa. Ya ga ƙofa, sai ya ce, "Ƙofa ce, bari in buɗe." Ya ga tsani, "Da alama zan iya hawa nan." Idan na tsaya ina tunani, sai ya faɗa mini amsar, sannan ya yi wa kansa dariya.

"Wannan yaron ba shi da uwa ne da za ta ce ya yi shiru?" in ji matar fasto.

Na buɗe taswira, ban ga ƙasa ba sai alamomi, sun rufe ta kamar ƙuraje. Tsinto bawon kaguwa. Tsinto gashin tsuntsu. Kai wa wane buhu. An kashe wa mutum uba, ya taso ɗaukar fansa, ga shi yana bin bakin teku yana tsince-tsince kamar kaza.

"Ku yi haƙuri," in ji Uelese, yana satar kallon Leata. "Idan aka isa tsibirin za ku ga aiki."

Muka isa. Abu na farko da ya tare mu a gaɓa biri ne. Ba ɗaya ba, garke guda, suna lilo a bishiyoyin kwakwa.

Mu kuwa babu biri a tsibiranmu. Baba Tanielu ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Fualau, ke da kika girma a ƙauye, kin taɓa ganin biri?"

"Sai wanda na aura," in ji Goggo.

Aka kwashe da dariya, har shi. Daga nan kowa ya samu abin yi. Wata ta ce rawar da matan ke yi ta wani tsibirin ce daban, wani ya ce zanen da ke jikin mazan an kwaso shi daga wurare uku an dama. Gidajen kuwa duk da bango da ƙofa har da sakata, alhali namu na gargajiya ba su da bango. Baba Tanielu ya fi jin haushin masu tuƙa kwale-kwale, duk sun jeru gefe guda suna tuƙi, jirgin kuma yana tafiya sak. Ni kuma kwale-kwalen da aka ba ni, ina isa gaɓa bai tsaya ba. Ya hau yashi, ya ratsa gonar ayaba, ya maƙale a saman wani gida, Kit yana ta tuƙa iska yana cewa, "Ruwan nan da ƙarfi yake."

Wajen la'asar na kai ƙofar wani shinge mai masu gadi. Uelese ya miƙe tsaye, ya gyara rigarsa.

"Nan ne. Ku yi shiru. Mama, saurara."

Na lallaɓa cikin ciyawa. Wani mai gadi ya juyo da mashi, ya ce da harshenmu, "Wane ne nan?"

Muryar Uelese ce, babu tantama. Goggo ta dafe ƙirji ta saki guɗa, mata suka taya ta. Leata ta yi tafi. A daidai lokacin alama ta fito a kan talabijin, yatsana kuma ya danna da kansa, kamar yadda ya saba. Kit ya yi tsalle ya caka wa mai gadin wuƙa a wuya. Mai gadin ya saki wata ƙara, doguwa, mai lanƙwasa a ƙarshe kamar akuyar da aka taka, ya faɗi.

Guɗar ta tsaya a tsakiya.

"Shi ke nan?" in ji Baba Tanielu.

"A'a, wannan somin-taɓi ne," in ji Uelese. "Ci gaba, Aleki."

Na ci gaba. Mai gadi na biyu ya juyo, siriri ne, tsoho. "Wane ne nan?" Uelese ne. Na uku ƙato ne mai gemu. "Wane ne nan?" Uelese. Na saman hasumiya da na harbo, ya taho ƙasa da ƙarar nan tun daga sama har ya daki ƙasa. Kowane mai gadi a tsibirin nan Uelese ne, kuma aikinsa ɗaya, ya tambayi wane ne, a yanka shi. Har wani wuri na tarar da biyu suna tsaye suna tambayar juna.

Yara suka fara birgima a tabarma suna kwaikwayon ƙarar. Matar fasto ta rufe fuska da mafici, kafaɗunta na rawa.

"Ruwan ɗumi da zuma," in ji Baba Tanielu, yana share hawaye. "Zumata ta ƙare a gidan nan saboda wannan kukan."

Ni ma dariya nake, ba zan ɓoye ba, ina yi ina yanka. Sai na ji an make mini ƙeya da silifa.

"Kai, ɗan Mikaele! Ajiye wuƙar nan!" Goggo ce tsaye a kaina. "A gidana, ka ci gwazana, ka zauna kana yanka mini ɗa?"

"Goggo, wasa ne, ai ba shi ba ne."

"Ni na haife shi, ni zan faɗa maka ko shi ne. Kada ka ƙara taɓa shi."

Kafin in ba ta amsa na lura Uelese ba ya wurin. Na dakatar da gem ɗin na fita. Na same shi bayan gida, zaune a kan kwandon shara da aka kifa, kusa da igiyar shanya.

"Yaya, yi haƙuri."

 Da ya buɗe baki, ba muryar taƙama ba ce.

"Muryar sarkin garin na yi musu, Aleki. Suka ba ni wata takarda da aka fassara da na'ura, maganar banza, ko yaro ba zai faɗe ta ba. Na ce su bari in gyara. Na kira kakanmu a gida, ya yi ta koya mini yadda ake tarbar baƙo a gaban manya, kalma bayan kalma. Na yi musu, har wata a cikinsu ta ce tsikar jikinta ta tashi. Da zan tafi ne suka ce in ɗan yi ihu kaɗan, ko za a buƙata." Ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Ihun suka buƙata."

"To sarkin fa?"

"Na leƙa a waya jiya. Wani ne ya yi shi da Turanci, yana karya harshe wai shi ɗan tsibiri. Na ɗauka ko sun sa nawa a wani wurin."

Wato ya sani tun jiya, amma abinci ya riga ya hau wuta.  Duk haushin da nake ji na Brannock da birai ya zama ƙarami.

Da muka koma, Goggo ta riga ta yanke hukunci. Za a ci gaba da wasa, don tana son ganin ƙarshen shingen, amma ba za a zubar da jinin kowa ba. In wuce su a ɓoye.

Na ce mata a na farko ana iya haka, a wannan ban sani ba. Ta ce in gwada, ta zauna kusa da ni da silifar a cinya.

Ashe masu gem ɗin ba su taɓa tunanin wani zai ƙi kisa ba. Na ɓuya bayan bango, mai gadi ya gan ni ta cikin bangon. "Wane ne nan?" Na kwanta a ciyawa, wanda ke can ƙarshen gari ya hango ni, na kusa da ni kuma ya taka ni ya wuce. Na jefa dutse don in ɗauke musu hankali, duk suka juyo suka kalli inda nake. Suka yi ta kashe Kit, kuma duk lokacin da ya faɗi sai gareji ya ɗauki sowa.

"Yawwa ɗana! Ƙara masa!" in ji Goggo. "Rufe masa bakin nan!"

Leata ta matsa ta ba Uelese wuri a tabarmarta. "Ashe kai kaɗai ke tsaron garin nan," ta ce. "Shi ya sa ba ka da lokacin yi wa mutane magana." Ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya, amma ya zauna.

Rana ta kusa faɗuwa, yatsuna sun yi tsami, na matsa Kit cikin wani lungu tsakanin shinge da dutse don in huta. Sai ƙasa ta haɗiye shi. Ya nutse, ya yi ta faɗawa cikin wani farin fili, muna hango ƙasan tsibirin a samansa, yana cewa, "Wurin nan da kyau yake." Can sai ga shi tsaye a cikin gari, bayan shingen, masu gadi duk suna bayansa da ransu. Gem ɗin ma ya rubuto mini jinjina.

Baba Tanielu ya tashi ya taka rawa, zaninsa na neman kwancewa. Goggo ta sumbace ni a ka, daidai inda ta make ni. Muka shiga gidan sarki, ya buɗe baki da karyayyen Turancinsa, Uelese ya miƙa hannu ya kashe talabijin. 

Bayan mako guda kamfanin ya aiko da wani gyaran. Na sauke shi a gidan Goggo, ina tsammanin ko sun ji kunya. Na sake farawa don in gani. Birai suna nan. Kit bai yi shiru ba. Kwale-kwale ya sake hawa saman gidan nan. Na je lungun da ke tsakanin shinge da dutse, na tarar sun dasa wani ƙaton dutse a wurin, sun toshe ramin tsaf.

"Me suka gyara?" Goggo ta tambaya daga kicin.

"Hanyar da muka bi, Goggo. Yanzu sai an yanka shi kafin a wuce."

Ta fito tana goge hannu a zani, ta zare wayar daga bango, ta naɗe ta, ta ɗora mini na'urar a hannu.

"Kai ta gidan ubanka," ta ce. "Ka dawo ka ci abinci."