Hannun Bahago a Saƙar Goggo

Goggo ta san hannunta a saƙa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta cikin yara goma. Shi ya sa ranar Talata da la'asar, da ta ɗauko suwaitar daga kwando ta kai tsinke ga ƙwayar saƙa ta farko, sai ta tsaya cak. Ƙwayoyin sun zauna a kan tsinken a baibai, kowace ta juya mata ƙeya. Ta shafa layukan ƙarshe da babban yatsa, ta ji sun matse tsam, alhali ita hannunta sakakke ne tun tana budurwa. Wani ya taɓa mata saƙa, kuma bahago ne.

Suwaitar ba ta wasa ba ce. Jikarta, wadda kowa ke kira Takwara, za ta tafi karatu garin da aka ce sanyinsa na fasa leɓe, saura kwana tara. Yarinyar ce ta zaɓi ulun da kanta, shuɗi mai duhu, curi shida. Amma akwai wata a ƙasa. Tun da likita ya ce yanar ido ta fara rufe wa Goggo gani, babban ɗanta ya tasa ta gaba kan a yi mata aiki, ta kuma ajiye saƙa. Ita kuwa ta rantse ba mai kai wuƙa kusa da idonta, ta ce a jira suwaitar nan a ga ko makauniya za ta iya irinta. Suwaitar ce shaidarta, kuma duk wanda ya ɓata ta ya kayar da ita a gaban 'ya'yanta.

Ba ta yi wa kowa maganar ba. Ta ciki na ciki. Washegari ta ƙulla jan zare a layin da ta tsaya, ta shiga ɗaki barcin azahar kamar kullum. Da ta fito zaren na nan, sai dai ƙullinsa ya zama wani ɗan mitsitsi mai tsafta, ba irin nata na gaggawa ba. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Zarginta ya fara sauka kan surukarta, matar babban ɗan. Ita ce mai share falo, ita ce kullum ke cewa, "Mama, ki huta mana, ga irinta nan a kanti." To, kanti! Goggo ta taɓa ganin suwaitar kanti, wanki biyu ta zama buhu. Kuma wa zai fi son a ce tsohuwa ta gaza in ba matar wanda ya fara faɗa ba?

Da safe ta kira ta. "Zo ki adana mini makullin nan." Kafin ta ƙaraso Goggo ta cilla mata shi. Surukar ta cafe da hannun dama.

"Lafiya, Mama?"

"Lafiya lau. Ke dama can ba bahaguwa ba ce?"

"Ni? Shekara ashirin muna gida ɗaya, Mama, yau kuma?"

"Tambaya ce. Ko an hana tambaya a gidan?"

Surukar ta fita tana waige. Goggo ta bi bayanta da harara, don a ganinta mai laifi ma yana iya koyon cafe makulli da dama.

Sai ta koma kan maƙwabciya, malamar asibiti mai ritaya, wadda ke shigowa hira tana yaba saƙar da yabon da ya yi yawa. Goggo ta zuba mata ido tana shan ruwa, tana ɓare lemo, tana gyara ɗankwali. Duk da dama. Takwara kuwa ko maɓalli ba ta iya ɗinkawa ba, yatsunta na latsa waya ne kawai. A kwana uku Goggo ta zama mai gadin kwando. Wanda ya gifta ta falo sai ta dubi hannunsa kafin fuskarsa, gidan ya yi tsit, kowa na takawa a hankali.

Mijinta kaɗai bai fasa tsokana ba. Malam tsohon mai gyaran agogo ne, ya rufe shago ya kwaso tarkacensa ya cika ɗan ɗakin da ke bayan kicin. Shekara arba'in aikinsa a harkar saƙa ɗaya ne: ya zauna gabanta ya miƙa hannu biyu, ta rataya masa ulu tana naɗewa, yana mita.

"Wai ke da kwandon nan, zinariya ce a ciki?" in ji shi.

"Malam, akwai mai shiga mini saƙa."

"Aljanu ne. Su ma sanyi suke ji."

"Ka yi ta dariya. Rana dubu ta ɓarawo."

Ya ɗauki rediyonsa ya wuce yana tari. Ta ji haushinsa, amma ko a mafarki ba ta sa shi a lissafi ba. Mutumin da ke kiran tsinken saƙa "sandunan nan naki", kuma da dama yake cin abinci.

Ranar Asabar ta shirya. Bayan azahar ta yi hamma mai ƙarfi yadda kowa zai ji, ta shiga ɗaki, ta bar ƙofa a ɗan buɗe, ta zauna bakin gado da takalmi a ƙafa. Ta ji surukar ta kunna famfo a bayan gida. Ta ji Takwara na dariya a waya. Can sai ga ƙarar kwando, da takun silifas mai jan ƙafa ɗaya. Takun nan ta san shi tun kafin a haifi babban ɗanta.

Ta ba shi lokaci, sannan ta bi ta kicin a hankali. Ƙofar ɗan ɗakin ba ta rufu ba. Malam na zaune gaban taga, ya maƙala gilashin gyaran agogo a ido ɗaya, suwaitar shimfiɗe a kan tebur tsakanin matattun agogai. Ya zare tsinken. Yana jan ulun, layukan da ta saƙa da safen nan suna warwarewa ɗaya bayan ɗaya.

"Malam!"

Gilashin ya faɗo kan tebur. Goggo ta shigo ta tsaya a kansa.

"Ashe kai ne? Na zargi 'yar mutane, na zargi maƙwabciya, ashe ɓarawon yana cin abinci a kwanona. Ɗanka ne ya sa ka?"

"Ba wanda ya sa ni."

"To me na yi maka?"

Malam ya ɗaga suwaitar ya kara ta a jikin taga, inda rana ke dukanta ta baya. A can ƙasa saƙar ta tafi sumul. A sama kuwa, a layukan safe da bai kai ga warwarewa ba, haske na ɓullowa ta huda huɗu. Goggo ba ta gan su sosai ba, sai da ya kama yatsanta ya kai shi wurin. Yatsan ya shige har gaɓa. Ƙwaya ce ta zame mata ta gangara, ga wata, ga wata, ita ba ta sani ba.

"Tun yaushe?" ta tambaya, muryarta ta yi ƙasa.

"Tun daga ƙugun rigar. Da fari ɗaya ce a yini, ina kamo ta da ɗan hantsakin agogo. Da suka yi yawa sai na ga gara in warware in sake." Ya sosa ƙeya. "Na ce in kin gama, kin ci gardamarki, sai in lallaɓa ki mu je wurin likitan. Ban so yaran su gani ba."

Ta zauna a kan benci. Kunya ta rufe ta, ta surukarta da ta kanta. Layukan da ta yi kwanaki tana tsine wa mai su, su ne lafiyayyun.

"Wa ya koya maka?"

"Wa kuwa? Shekara arba'in ina gabanki da hannu a miƙe kamar mai roƙon ruwa. Ido ai ba ya zama banza."

Sai a lokacin ta gane bahagon. Daga gabanta ya koya, damarta ta zama hagunsa, ya kwashe komai a juye.

Ta share ido da gefen mayafi. "Ka gaya wa ɗanka ya karɓo mana ranar ganin likita. Amma sai Takwara ta tafi da rigarta." Ta matsa gefe, ta daki bencin da tafin hannu. "Taso ka dawo nan kusa da ni. In za ka zama idona, sai ka zauna ta inda nake gani. Kuma ka saki hannu, ulu ne, ba ƙusar agogo ba."

Malam ya ɗauko tsinken biyu ya zo ya zauna a gefenta.