Sunan Ɗan Fari

…to, ba shi ke nan ba? An yanka rago, an raɗa suna, tuwo ya ishi kowa har 'yan Achika da suka tako a ƙasa. Hansai tana zaune bakin ɗakinta, jikanta ɗan kwana bakwai a cinya, ranta fes. Bilya, autanta, ya kyauta. Ya sa wa jaririn sunan wansa.

Wansa… ɗan farinta ke nan. Shekara ashirin tana ce masa "kai", "wancan", "yaron nan". Ai uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya ce, haka ta tarar. Shi kuwa ja'iri, da gangan yake laɓewa bayan rumbu ko za ta kira shi. Ina! Sai dai tuwonsa ya huce.

Hancin jaririn nan dai ba irin nasa ba ne, na dangin uwar ne, kamar an danna shi da babban yatsa. Wai wannan ne sabon mijin nata, ko haƙori babu…

Ran Juma'a ce, kasuwar Wudil tana ci, motar soja a tsaye. Ɗan farin nata ya leƙo da kai a aske. "Inna, na tafi." "Allah ya kiyaye." Idonta yana kan tukunyar da take ginawa — kan tukunya! Bama aka kai su yaƙi. Wai wata ƙasa ce bayan teku, ruwa ba ya ɗaukewa. Maikano, abokinsa da ya dawo da ɗingishi, ya ce harsashi ɗaya ne, bai wahala ba, sun yi masa salla, sun fuskantar da shi alƙibla. Alhamdu lillahi. Me kuma ake nema? Shekara goma sha ɗaya yanzu. Ta haƙura, wallahi ta haƙura, har dariya take yi idan ta tuna cin barkononsa.

"Inna," Murja mai jego ce daga cikin ɗaki, "me za mu riƙa ce masa? Kin ga ke ba kya faɗin sunan. Ko Baffa za a ce?"

Baffa. Don ita za su yi, yaran kirki. Amma in aka ce Baffa yau, Baffa ne har tsufansa, sunan ya sake shigewa ƙasa. Ba kabari a nan, ba riga, ba hoto… sunan nan kaɗai ya dawo gida. Jika kuma ai ba kunya tsakaninsu, ko? Waye zai ce ta yi abin faɗa?

Mata suna jira. Ta sunkuya kan jaririn.

"Isyaku."

Ashe ɗan gajere ne. Ashe ko numfashi ɗaya bai cinye ba… kuma ba ta san wanne daga cikinsu ta kira ba.