Jarkar Tani a Layin Famfo

A wani ƙauye da ke gab da Horo Birni, matan gari ne ke fara ɗiban ruwa a famfon sola, sai sun gama matan ruga su matso. Mode, dattijon da ke riƙe da makullin famfon, cewa yake haka ake yi tun zamanin rijiya.

Tani matar makiyayi ce. Kullum takan riga kowa zuwa, ta zauna gindin aduwa har rana ta take, kasuwar nono a Shagari ta kusa watsewa ba ta isa ba. Ran nan da safe, maimakon ta nufi aduwar, sai ta ajiye jarkarta a layi, bayan bokitin Khadijatu matar liman.

Mode ya ce ta koma inda ta saba.

"Baba, ba gaba nika so ba," in ji ta a hankali. "Wurina kawai nika so."

Ya fusata ya kulle famfon. Mata suka yi ta guna-guni, wasu na cewa ta ja musu. Tani ta zauna bisa jarkar. Ba ta ankara ba sai ga sauran matan ruga sun taso ɗaya bayan ɗaya, sun jera nasu a bayanta.

Maganar ta kai zauren mai gari, inda Tani ba ta taɓa shiga ba. Ta durƙusa ta kwashi gaisuwa, ta ce a nan ta haifi 'ya'yanta, a maƙabartar garin aka rufe surukarta, ranar idi kuma sahu ɗaya ake tsayawa. Khadijatu ta karɓe, ta ce ta daɗe tana jin kunyar wuce matan ruga da ruwa a kai.

Mai gari ya tambayi dattawa wa ya kafa dokar. Aka dubi juna, ba wanda ya sani.

"To daga yau, wanda ya riga zuwa shi ka fara ɗiba," in ji shi.

Washegari famfon ya koma kamar gidan biki. Ana gaisawa da Hausa da Fulatanci, Khadijatu na kwaɓa Fulatancinta ana shewa. Mode ya iso fuska a ɗaure, amma da ya kama tsaron layi, ya fi kowa zafi. Can sai ga Ramla, 'yar mai gari, ta nufo gaba da bokitinta kamar yadda ta saba. Mode ya ɗaga sanda ya nuna mata ƙarshen layi.

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Ramla ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta koma baya. Tani kuwa dariya ta hana ta ɗaukar jarkarta, sai da mata biyu suka taru suka aza mata.