Ƙofar Banɗakin Halldis

Yayana Tormod irin mutanen nan ne da ko gini ya danne su ba za su ce a kawo agaji ba. Haka tsofaffin masuntan ƙauyenmu suke, amma shi nasa taurin kan ya fi na kowa, ga camfi kamar me.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da matarsa Halldis a farkon hunturu, aka kai ta asibitin birni inda ake koya wa irinsu motsa jiki. Bayan ta ɗan farfaɗo, wata ma'aikaciyar lafiya ta ƙaramar hukuma mai suna Ragna ta zo ta zagaya gidan. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce in keken guragu na Halldis zai iya shiga ɗakin kwana da banɗaki, za ta dawo gida. In ba zai shiga ba, sai gidan tsofaffi da ke bayan coci. Mu kuwa duk mun san wanda aka kai can, a akwati yake fitowa.

Ragna ta ce hukuma na da kafinta, sai dai layi ne, ba zai samu zuwa ba sai bazara. Asibiti kuma ba za su riƙe Halldis har lokacin ba. Tormod ya ce shi da ya gyara jirgin ruwa shekara da shekaru, ƙofa ce za ta gagare shi?

Ya je gari ya sayo ƙofofi irin waɗanda ake sayarwa a haɗe, ƙyaure a maƙale cikin firam ɗinsa, sai dai ka ɗaga ka saka a bango. A baki abin ba wuya. Amma gidan na katako ne tun na kakanmu, babu bango ɗaya da ya tsaya a miƙe. Ya ɓalle tsofaffin ƙofofin, ya sa zarto ya faɗaɗa gurbinsu, ya cire dokin ƙofa ko'ina don kada taya ta yi tuntuɓe. Ni aka ba aikin riƙo. Ina tallafe da firam, shi yana cusa 'yan guntayen katako ta gefe, yana ɗora lebur, ma'aunin miƙewar gini, yana leƙen ɗigon ruwan da ke ciki, yana yi mini tsawa wai na karkata. Na ce masa ni ba ƙusa ba ce, in ya ƙara ɗaga mini murya zan saki ta faɗo masa a ka. Bai ko kula ni ba. Ya ci gaba da cusa guntayen katakonsa.

Banɗaki ne ya ba mu wahala. A hagu akwai ginin bututun hayaƙi, a dama akwai ginshiƙin da ke ɗauke da bene. Ya feƙe abin da zai feƙu, ya tura firam ɗin da ƙyar, ya ɗaure shi tam, ya cika gefen da kumfar nan mai daskarewa.

Da muka gama, ya aro keken coci, wanda ake naɗewa a jingine bayan ƙofa don tsofaffi. Girmansa ɗaya da na Halldis, ya riga ya auna. Ya buɗe shi ya tura, ya wuce ƙofar banɗaki, a matse dai, amma ya wuce. Na ce bari in zauna a ciki ya tura ni mu gani. Nan take fuskarsa ta canja.

"Kada ki soma, Oddny. Mai lafiya ba ya zama a wannan abin. Wadda ta same mu ba ta isa ba, sai kin kira wata?"

Na ce camfin banza ne. Ya ce a gidansa dai ba za a yi ba, ya naɗe keken ya kai mota. Ranar ce kaɗai na ji yana fito tun da Halldis ta kwanta.

Aka sa ranar gwaji. Motar asibiti ta kawo ta da hantsi, Ragna na biye. Halldis ta rame, bakinta ya ɗan karkace, amma an gyara mata gashi, kuma idonta na nan da kaifinsa. Na dafa kofi, na yanka burodi da cuku. Ta wuce zaure, ta wuce kicin, ta shiga ɗakin kwana ta fito. Ta dubi mijinta ta ce ashe tsohon nan yana da sauran amfani. Tormod sai washe baki yake yi.

A ƙofar banɗaki keken ya tsaya cak. Tormod ya ja baya ya sake saitawa, ya tura. Ƙarfen tayoyin ya ci sabon fenti ta gefe biyu. Ya sake gwadawa a karkace, har Halldis ta yi gaba kamar za ta kifa, Ragna ta riƙe masa hannu. A hankali ta yi masa bayani cewa keke mai naɗewa, in babu kowa a ciki, yakan ɗan tsuke. Sai nauyin mutum ya hau yake buɗewa gaba ɗaya. Abin da ya rage bai wuce kaurin yatsa ba.

Tormod ya ce a ba shi zuwa gobe, zai ɓalle firam ɗin ya rataya labule. Ragna ta leƙa, ta ce in ya cire, bututun hayaƙin mai zafi zai fito fili daidai inda hannun Halldis da ba ya ji zai riƙa gogawa, ba za ta iya amincewa da haka ba. Ta ce za ta nemi keke mai ƙaramin faɗi, ta yiwu a samu bayan hunturu. Kafin nan akwai gado a gidan tsofaffi, na wucin gadi ne. Haka ake gaya wa kowa, na wucin gadi. Na rasa wanda zan zaga, Tormod ko Ragna ko kakanmu da ya gina bututun a nan.

Halldis ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon cikin banɗakin daga bakin ƙofa, tawul ɗinta na rataye inda ta bar shi. Sannan ta ce a ja ta baya kaɗan.

"Rufe ta in gani, Tormod."

Ya tura ƙyauren da yatsa ɗaya. Ya tafi sumul, ya rufe ba ko ƙara.

"Ta yi kyau," in ji ta. "Tun da na shigo gidan nan ban ga ƙofar da ta zauna daidai kamar wannan ba."

Ta juya wajen Ragna ta ce a kira direba, ta gaji.