Furfurar Lambu Na Sha Bakwai

Ranar Lahadi na tsinci wasiƙar a bayan ƙofar gidan Baba, cikin tarkacen takardun talla. Kwamitin lambunan haya ne suka aiko, kuma ita ce ta biyu, ta farkon tana ƙasanta ta yi mako uku ba wanda ya buɗe. Sun ce lambu mai lamba goma sha bakwai ya cika da ciyawa. Ranar Asabar da ƙarfe goma za su zo duba na ƙarshe, in ba a gyara ba za a ba wani. Mutum arba'in da ɗoriya ne ke layin jiran lambu a garinmu, kowa ya san wannan.

Baba yana asibiti mako biyar ke nan, tun da ya zame a matakala ƙugunsa ya karye. Sunansa Arnold Hepworth, shekarunsa tamanin da ɗaya, kuma tun shekarar da aka rufe ramin haƙar kwal na garinmu yake riƙe da lambun nan. Ni kuwa Glenda, 'yarsa tilo, direbar bas ce a Sheffield, ban san komai game da ƙasa ba sai cewa tana ɓata takalmi. Na cusa wasiƙun a jaka, na zuba wa kanarinsa Percy tsaba, ya kalle ni a karkace. Tun da Baba ya tafi tsuntsun nan ya daina waƙa, abin yana ba ni haushi kamar da gangan yake yi.

Da na je asibiti da yamma tambayarsa ta farko ita ce, "Ya lambu?"

"Lafiya lau, Baba."

"Kin leƙa?"

"Na ce maka lafiya lau. Ci tuffarka."

Ban leƙa ba. Na koma gida na kasa zama, na wanke kwanukan da suke a wanke, na buga wa shugabana a wurin aiki na roƙi hutun Litinin.

Washegari na buɗe ƙyauren lambun na shiga. Albasar Baba da kabejinsa suna nan, amma sai ka sunkuya kafin ka gan su. Ciyawa iri ɗaya ce ta mamaye ko'ina, wadda ake kira groundsel, Baba kuma yana ce mata ciyawar kanari. Tsayinta bai kai gwiwa ba, ganyenta a tsattsage mai ɗan kauri, furanninta ƙanana rawaya a dunƙule kamar bakin burushin fenti, ba sa taɓa buɗewa. Na san ta tun ina yarinya, domin kullum da safe Baba yakan dawo da 'yar danƙa ɗaya a aljihun kwat ya saƙala wa tsuntsu a keji. Ban taɓa tambayar kaina daga ina yake samo ta ba.

Abin da ya yi min daɗi, ba ta da saiwar kirki. Ka ja, ta biyo ka. Na cire rigar sanyi na kama aiki kamar wadda ake bi da bulala, ina cika baro ina juyewa a jikin wayar shinge, can gefen da rana ke bugawa.

Wajen azahar na ji murya daga ƙetaren shingen. Anti Doreen ce, maƙwabciyar lambun Baba, tsohuwa mai kiwon zomaye da take kaiwa gasa. Ta san ni tun ina cikin zanen goyo, kuma har yau haka take kallona.

"Glenda, 'yar nan, ina za ki kai wannan tulin?"

"Nan zai zauna ya bushe."

"A nan? Ki tsaya in gaya miki..."

"Anti Doreen, don Allah. Da kun damu da lambun nan, da wani ya buga min waya kafin a kai ga wasiƙa ta biyu. Na san abin da nake yi."

Ta dube ni ta saman tabarau. "To, direba," ta ce. "Ke ce da sitiyari." Ta juya wajen zomayenta.

Na gama da la'asar, bayana kamar zai balle, tulin ya kai ƙuguna. Na tsaya ina kallon layukan albasa sun fito fes, har na ɗauki hoto. Alfahari ya cika ni, ba zan ɓoye ba.

Kwana huɗun da suka biyo baya aka yi rana irin wadda ba mu cika samu ba. Ina tuƙi ina gumi, ina lissafin abin da ya rage: share hanya, gyara ƙofar rumfar ajiye kayan aikin lambu. Kowace yamma Baba ya tambayi lambu, ni kuma yanzu ina amsawa da ƙarfin gwiwa. Duk da haka wani abu ya hana ni sakat, kallon nan na Anti Doreen ya tsaya min a rai. Ranar Juma'a da na tashi aiki ban ko cire kayan aiki ba na wuce lambun.

Tun daga ƙyaure na hango tulin ya yi fari fat. Ciyawar da na tuge, tana kwance saiwarta a sama, ta ƙarasa nunar da 'ya'yanta. Kowane fure rawaya ya zama dunƙulen farin gashi kamar kan tsoho, kuma iskar yamma tana ɗiba tana ratsa wayar shinge da shi. Ya sauka a kan latas ɗin Anti Doreen, ya manne a ragar ɗakin zomaye, ya wuce har lambu na sha tara da na ashirin.

Na ruga rumfa na ɗauko buhunan leda. Abin takaici, duk inda na sa hannu sai farin ya tashi sama ya fi na da. Na gwada rufe tulin da tsohon bargo, iskar bargon ma ta kwashi nata. Ina tari, ina zagin ciyawa, ina zagin kaina.

"Jiƙa shi tukuna," in ji Anti Doreen. Ta zuro tiyon ruwa ta saman shinge. "Ki jiƙa shi sharaf, sannan ki ɗura a buhu ki ɗaure baki."

Na yi yadda ta ce. Muka kama aiki, ita tana riƙe buhu ni ina ɗurawa. A buhu na shida na ce, "Da ma kin gaya min."

"Na buɗe baki kika rufe min shi." Ta ƙulle buhun da ƙarfi. "In ta riga ta yi fure, tuge ta ba ya kashe ta. Kuma nan da mako shida duk wannan da ya tashi zai fito ya yi nasa furen. Nan gindin shingen nake yankar wa zomayena ciyawa, Glenda. Ciyawar nan tana cin hantar dabba a hankali, ba ka sani sai ta rame ta faɗi. Biyu na binne wata shekara."

"To me ya sa Baba yake barin ta?"

"Babanki bai taɓa barin ta ba. Kusurwa ɗaya ya ware mata bayan rumfa, kullum da safe ya tsinke kawunan ya kai wa tsuntsu. Shekara arba'in ban ga fari ko ɗaya a lambun nan ba. Tsuntsun ke ci, mu kuma muna hutawa."

Ranar Asabar Mista Sugden, shugaban kwamiti, ya zo da mutum biyu da allon rubutunsa. Lambun a share yake tas. Amma bai ko kalli albasar ba, ya tsaya yana duban farin da ya maƙale a shingayen mutane har layi uku. Na yi bayani, na roƙa, har na ɗaga murya. Anti Doreen ma ta sa baki, abin da ban zata ba.

Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce, "Tambaya ɗaya ce, Glenda. Wa zai riƙa zuwa kullum da fartanya daga nan har sanyi ya shigo? Arnold zai iya durƙusawa? Ke za ki iya?"

Na tuna motar ƙarfe biyar da rabi na safe da nake tuƙawa. Na tuna abin da likita ya ce game da ƙugun Baba. Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Mista Sugden ya ba mu zuwa ƙarshen wata mu kwashe kayan rumfa.

Na yi zagayen filin ajiye motocin asibiti sau uku kafin na shiga. Baba yana zaune a kujera gefen taga. Na shirya jawabi tun a hanya, amma ban kai ga buɗe baki ba ya miƙo hannu ya tsinci wani abu a kafaɗar rigar ulu da ke jikina. Ɗan farin gashin ciyawar nan ne, da ƙwayar irinsa a gindi. Ya ɗaga shi wajen haske ya daɗe yana kallo.

"Kin tuge kin tara a rana," ya ce.

"E, Baba."

"Sugden ya zo?"

"Ya zo." Hawaye suka kece min. "Ka yafe ni."

Ya sake tsintar wani a hannun rigata, da wani a gashina, ya buɗe gidan tabaransa ya jera su a ciki a hankali, ya rufe.

"Akwai tsohuwar tukunyar fure a ƙarƙashin wurin wanke-wanke," ya ce. "Ki ciko min ita da ƙasar lambun kafin ƙarshen wata. Ki ɗebo ta bayan rumfa, Percy ya fi son ta can."