Hoton Bayan Littafi

Dutsen ya shigo ne da tsakar rana, daidai lokacin da Ameera ta ɗaga littafinta na farko tana shaƙar ƙamshin sabuwar tawada. Gilashin tagar ofishin ya tarwatse, ɓaraguzansa suka watsu a kan kwalayen littattafai. Ba ta san lokacin da ta tsinci kanta a ƙarƙashin tebur ba, littafin a ƙirjinta.

"'Yar China! Mai korona! Fito mu gan ki!"

Muryar daga titi ta fito. Sai ƙarar babur, sai shiru.

Rekiya, editar da ta yi wata takwas tana gyaran littafin tare da ita, ta rarrafo ta kama hannunta. Jini na bin gefen girarta.

"Kar ki tashi tukuna. Wayyo Allah, ji yadda kike rawa."

"Jini, Rekiya. Goshinki."

"Bar shi, gilashi ne kawai."

Kwana huɗu ke nan da kamfanin wallafar ya saka bangon littafin a intanet, gaba da baya. A bayan akwai hoton marubuciyar: mayafi ruwan toka, ɗan murmushi, da idanun mahaifiyarta. Mama 'yar ƙasar Filifin ce, nas ce da aiki ya kawo Kano shekara arba'in da suka wuce. Ta auri Malam Saleh, ta haifa masa 'ya ɗaya, ta binne shi, ta yi zamanta a Kuje kusa da Abuja, inda kowa ke ce mata Mama Nas. Ameera ba ta taɓa taka China ba, ko Filifin ɗin ma ba ta sani ba. Da Hausa take mafarki, da Hausa take kuka, da Hausa ta rubuta labarin soyayyar nan mai shafi ɗari biyu da sittin.

Amma shekarar annoba ce, ga kuma bidiyon baƙaƙen fata da ake kora daga gidajen haya a China yana yawo a kowace waya. Babu wanda ya tsaya tambaya. "Sun kawo mana cuta, sun wulaƙanta 'yan'uwanmu, yanzu kuma harshenmu za su kwaikwaya su sayar mana," in ji wani a ƙarƙashin hoton. Wata ta rubuta kalma ɗaya tak: "Jabu." Abin da ya fi ci mata rai shi ne zauren marubuta na waya, inda ta shekara uku ana kiranta ƙanwa. Aka yi ta raha a kan idanunta, manyan da take haddace jimlolinsu suna gani ba su ce uffan ba. Da safe ta tarar an cire ta.

* * *

Oga Godfrey, mai kamfanin, ya sa aka toshe tagar da kwali. Ya zauna yana ta share zufa ko da yake fanka na juyawa.

"Ameera, ka san ina sonka kamar 'yata," ya ce da irin Hausarsa ta Abuja. "Amma shaguna biyu sun kira, sun ce su ba ya ɗaukan littafi da wannan hoto. Wahala ya yi yawa."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da naɗin farar takarda mai danƙo, irin wadda ake liƙa farashi da ita, kowace faɗinta ya kai tafin hannu.

"Mu rufe hoton. Kwafi ɗari biyar ne kawai. In gari ya yi sanyi, bugu na biyu sai mu mayar."

Rekiya ta miƙe, audugar da ta danne goshinta ta faɗi. "Haba Oga! A jefe mu, kuma mu ne za mu ɓoye fuska? Sanarwa ya kamata mu fitar, da sunan kamfani, mu ce marubuciyarmu ce, 'yar ƙasa ce, duk mai ja ya zo. In mun yi shiru yau, gobe wa za a rufe?"

"Sanarwa? Madam, mutum goma sha ɗaya ke aiki a nan. In sun dawo da fetur fa? Sanarwa zai kashe wuta?" Sai Ameera ta gane shi ma tsoron ne ke cinsa. Ya juyo gare ta da murya mai taushi. "Ranar ƙaddamarwa kuma, ka sa wannan abu na matan Musulmi, niƙabi. Ba wanda zai gane."

Wata dariya mai ɗaci ta kufce wa Rekiya. "Oga, niƙabi me yake bari a waje?"

Ya buɗe baki, ya dubi idanun Ameera, ya sunkuyar da kai.

Ameera ta so ta goyi bayan Rekiya. Tun tana 'yar shekara tara take jujjuya littattafan laburare tana kallon fuskokin da ke bayansu, tana raya wa ranta wata rana. Har ta ja numfashi za ta yi magana, wayarta ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Hoto ne: koriyar ƙofa, bishiyar gwaiba ta leƙo ta saman katanga, ga bokitin shara na Mama a gefe. A ƙasa an rubuta: "Mun san gidan tsohuwar."

A ranta ta ga Mama zaune a tabarma tana tsince shinkafa, ƙofa a buɗe kamar kullum, don matan unguwa ba sa sallama sau biyu in yaro ya yi zazzaɓi.

"Miƙo takardar," in ji Ameera.

"Ameera!" in ji Rekiya.

"Miƙo, Oga. Ni zan liƙa da hannuna."

Ta fara kiran Mama, ta roƙe ta ta sa sakata, ta ce jita-jitar ɓarayi ake yi. Sannan ta zauna a ƙasa tsakanin kwalaye. Ta ɓare, ta ɗora a kan fuskarta, ta murje da babban yatsa. Ta ɓare, ta ɗora, ta murje. Rekiya ta tsaya a kanta tana hawaye, can ta durƙusa ta fara miƙo mata littattafan ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar sakaliya, babu sauran Ameera a ofishin sai wadda ke zaune.

* * *

A motar Kuje ta ja mayafi har kan hanci, ta sa baƙin tabarau. Duk babur ɗin da ya matso kusa da taga sai ta kau da kai.

Ta daɗe tana buga koriyar ƙofar kafin a zare sakata.

"Ke kuma wane irin tsoro kika sa min yau?" in ji Mama da Hausarta ta Kanawa. "Matar maƙwabcinmu Abdulmajeed ta zo da jaririnta tana ta bugu, ina ji na ƙi buɗewa. Ni Mama Nas! Kunya kamar in nutse." Sai ta hango abin da ke hannun 'yarta, fuskarta ta washe. "Ya fito? Kawo, kawo! Allah sarki Malam, da yana nan."

Ta goge hannu a zane, ta ɗora tabaranta, ta shafa sunan da ke gaba harafi bayan harafi. Sannan ta juya bayan.

"Ina hoton da muka zaɓa? Mai mayafin nan?"

"Kuskure aka yi a wurin bugu, Mama."

Mama ta ɗago ta dube ta, ta dubi sakatar da Ameera ta mayar da sauri. Ta sa farce a gefen farar takardar ta fara ɓantara a hankali, da irin lallamin da take cire filasta daga jikin jariri.

"Mama, bar shi."

"Tsaya, 'yar nan. So nake in gan ki."

Danƙon ya riga ya kama. Takardar ta taso tare da fatar bangon. Mayafin ya rage, murmushin ya rage, amma daga hanci zuwa goshi babu komai sai farin gurbi mai kaushi. Idanun suna manne a jikin ɗan guntun da ke yatsan Mama.

A waje wani babur ya rage gudu. Su biyun suka yi tsit, suna saurare.